Tsakuwar da Aka Ciro wa Shekara Mai Rawaya

Duk wanda ya saba ratsa layin masu saiwoyi a kasuwar Matameye ya san Inna Shekara, ko da bai taɓa sayen komai a wurinta ba. Ita ce doguwar dattijuwar nan da ke zama a gindin bedi, wadda tafin hannunta ya rine da ruwan ɗorawa har sabulu ya haƙura da shi. A faifanta akwai saiwar rawaya, da garinta ƙulli-ƙulli, da sassaƙen marke, sai wata 'yar kwalba mai jan murfi wadda babu komai a cikinta. Baƙi sukan ɗauki kwalbar su girgiza, su tambaya ko ta maganin mene ce. Sai ta karɓe ta mayar, ta ce ba ta sayarwa ba ce, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da hannu a tukunyar maƙwabta.

A Icirnawa aka haife ta, a gidan da aka sani da maganin shawara, ciwon nan da ke mayar da idon mutum rawaya. Ubanta bai samu ɗa namiji da ya rayu ba, saboda haka ita ya riƙa ɗauka daji tun tana ƙarama. Ya nuna mata inda rawaya ke fitowa, da yadda ake haƙo ta ba a karya saiwar ba, da yadda ake shanya ta a inuwa. Tare da saiwar ya ba ta dokoki uku. Mai shawara ba ya cin maiƙo. Mai shawara ba ya shiga rana. Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, mai shawara ba a yi masa allura, domin ranar da ƙarfe ya huda fatarsa ranar za a haƙa kabarinsa. Ya ƙara mata da cewa su jininsu shawara ba ta kama shi, tun kaka da kakanni. Da aure ya kawo ta Matameye, da duk wannan ta tare, kuma ya fi kayan ɗakinta daɗewa.

Gaskiya dai mutane sun warke a hannunta, kuma da yawa. Wata shawarar irin wadda hutu da kunu ke kora ce, da magani da babu magani za ta tafi, amma wa ya taɓa yi wa hutu godiya? Shekara ake yi wa, a kawo mata kaza ko damin gero. Waɗanda suka mutu kuwa iri biyu ne a wurinta: ko kwana ya ƙare, ko an yi musu allura a ɓoye. Fiye da shekaru talatin ba a taɓa yin mamacin da ta rasa inda za ta sa shi a cikin biyun nan ba. Kar a ɗauki alhakinta, ba maƙaryaciya ba ce. Ta yarda da abin da take faɗa kamar yadda ta yarda da sunanta, shi ya sa bakinta ke da kaifi, shi ya sa kuma ake jin maganarta.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Buraima tela. Tun da mijinta ya rasu, ƙarar keken ɗinkin Buraima ce ke taya ta zama, da ita take gane hantsi ya yi, da ita take gane an tafi masallaci. Shekaru bakwai kafin abin da za a ba da labarinsa, matar Buraima, Fadimata, ta kwanta ciwo. Da fari zafi ne ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana hawa har kafaɗa. Sai ido ya juya, fitsari ya koma kamar shayin da ya daɗe a buta, bayan gida ya yi fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayin da ya sa ta yayyage fatarta da farce. Shekara ta jiƙa rawaya, ta dafa, ta turara. A mako na uku zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi.

Yayan Fadimata, Cha'ibu, ya zo daga Dawce da mota har ƙofar gida, ya ce asibitin Damagaram zai kai ƙanwarsa. Shekara ta ji, ta fito ko takalmi babu, ta tsaya a bakin zauren Buraima.

"Ku kai ta," ta ce. "Amma in allura ta taɓa ta, ku biya kasuwa ku sayo likkafani kafin ku dawo. Ni dai na fita."

Buraima ya dubi yayan matarsa, ya dubi Inna, ya sake duban yayan matarsa. Ya ce wa Cha'ibu ya yi haƙuri ya koma da motarsa. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka yi jana'izar Fadimata. Cha'ibu ya zauna makoki kwana uku, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, bai ƙara taka ƙofar gidan ba, ko a kasuwa suka haɗu da Buraima sai ya canza layi. Wannan karon babu allura, don haka Shekara ta sa marigayiyar cikin waɗanda kwanansu ya ƙare, Buraima ma ya yarda da haka. Bai taɓa ganin laifinta ba. Kowace safiya yakan leƙo zaurenta ya rusuna ya ce, "Inna, ina kwana," kowace Babbar Salla kuma cinyar ragonsa tata ce, wai ladan ɗawainiyar da ta yi da Fadimata. Ita kuwa takan soya ta ci, ta sa masa albarka.

Bara, bayan an gama girbin gero, Shekara ta ci tuwo da man shanu a gidan suna, ta dawo da wani abu yana tsunkulinta ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ta ce iska ce, ta sha kanwa. Bayan kwana huɗu ta lura fitsarinta ya canza. Ta ɗauko madubi ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa, kamar yadda ta yi wa mutanen da ba za su ƙirgu ba. Ta daɗe tana kallo.

Kunya ce ta riga tsoro zuwa. 'Yar gidan maganin shawara, da shawara! Ita da ta sha zama a kasuwa tana bugun ƙirji cewa ciwon nan ya san gidajen da yake shiga. Ta ɗauko kwalli ta rambaɗa wai ya rufe, sai baƙin ya ƙara fito da rawayar, kamar gwaiduwar ƙwai a baƙin kasko. Ta ja mayafi har hanci, ta saki asabari, ta aika kasuwa cewa ciwon ido take yi, kar kowa ya shigo ya ɗauka. Buraima ya koma gaishe ta daga bayan asabarin, har ya kawo mata shawarar ta gwada ɗiga ruwan tsamiya.

Mako uku tana shan maganinta safe da yamma, ninki biyu na abin da take ba mutane. Ba ta ci maiƙo ba, ba ta shiga rana ba. Alamomin kuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a jeren da suka zo wa Fadimata, ba su tsallake ko ɗaya ba. Ranar da ta tsinci kanta tana susar baya da muciya har jini ya fito, ta tuna ita ce ta sa Buraima ya yanke wa matarsa farce, ta ce masa ƙaiƙayin alamar magani na aiki ne. Ta ajiye muciyar, ta zauna tana jin kekensa ta bayan katanga.

Autarta Sadiyya, da ke aure a Kance, ta ji shirun ya yi yawa, ta zo ba ta sanar ba. Ta ɗaga asabari ta tarar da uwar cikin bargo biyu da tsakar rana, haƙora suna haɗuwa. Ta yaye mayafin.

"Inna! Tun yaushe?"

"Rufa mini asiri, Auta. Rage murya, katangar nan ba ta da kauri."

"Likita za mu. Yau, ba gobe ba."

"Ni? Da wane ido zan dubi mutanen garin nan?"

"Da wannan mai rawayar," in ji Sadiyya, don ita ma bakin uwarta ta gado. "In kin mutu a ɗakin nan ai masu wanka za su gani."

Wanzami ba ya son jarfa, amma zazzaɓi ya riga ya cinye ƙarfin gardama. Sadiyya ta je tasha ta zo da mota har ƙofar gida, aka kamo Shekara aka kwantar da ita a kujerar baya. Ƙarar motar ce ta fito da Buraima, da tef ɗinsa na awo a wuya. Ya leƙa ta taga, ya ga idon, ya yi salati. Sai ya zagaya wurin Sadiyya ya riƙe ƙofar motar da hannu biyu.

"Sadiyya, don girman Allah. Duk abin da za su yi su yi, ban da allura. Inna da bakinta ta faɗa, ni shaida ne. Kar ki kashe uwarki da hannunki."

Shekara tana ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska har direba ya tayar da mota.

A babban asibiti a Damagaram ba a tambayi ra'ayinta ba. Wata ma'aikaciya ta ɗaure mata dantse, ta nemi jijiya, ta ce sirum za a sa mata, ruwan nan da ake ratayewa yana ɗiga cikin jini. Shekara ta yi kalmar shahada, ta yafe wa Auta, ta rufe ido, ta ji ƙarfen ya shiga. Ta jira. Ta ji jariri yana kuka a wani ɗaki. Ta ji wani yana cinikin lemo ta bayan taga, yana rantsuwa ba zai ƙara ko dala ba. Aka kira azahar, aka kira la'asar, tana nan. Kafin kwana uku an yi mata allurar da ta fi yatsun hannuwanta yawa, zazzaɓin ya sauka, ta buɗe baki ta ce tana son kunu. Da ta mutu da ta huta, ta tafi da gaskiyarta. Sai ga ta zaune tana shan kunu, kowace kurɓa da kunyarta.

Aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki aka yi mata eko, hoton da ke nuna kayan cikin mutum. Daga baya likitan da zai yi aikin, Lokotoro Hamisu, wani matashi da sanƙo ya fara kama shi, ya jawo kujera ya zauna bakin gadonta da takarda da biro.

"Iya, kin saba gyara kaza?"

"Tun ba a haifi babanka ba."

"To kin san koriyar jakar nan da ke jikin hanta, wadda in ta fashe nama ya ɓaci."

"Madaciya."

"Ita. Daga jikinta akwai siririyar hanya da ke kai ruwan ɗaci cikin hanji. Tsakuwa ta taru a jakarki, ɗaya ta gangaro ta toshe hanyar. Ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini, shi ne wannan da ke idonki, shi ne ƙaiƙayin. Da ya daɗe a tsaye sai ya ruɓe, shi ne zazzaɓin. Allurai sun kwantar da zazzaɓi, amma tsakuwar tana nan."

Ya zana mata a takarda, ya ce hanya uku ake bi. Akwai wadda ake zura siririn tiyo mai ido ta baki, a bi ciki har bakin hanyar, a ɗan buɗe ta a jawo tsakuwar ba tare da an yanka fata ba, daga baya a cire jakar don kar wata ta sake gangarowa. Akwai wadda ake huda ciki wuri uku ko huɗu ƙanana, a yi aikin ana kallo a talabijin. Waɗannan biyun sun fi sauƙin warkewa, amma sai ta yi doguwar tafiya kafin ta kai inda kayan aikinsu suke, jikinta kuwa bai ba su wannan lokacin ba. Ta uku ita ce tsohuwar hanya: a yanka ƙarƙashin haƙarƙari, a cire jakar, a buɗe hanyar a ɗauke tsakuwar, a bar mata ɗan tiyo a gefen ciki na wasu kwanaki, ruwan ya riƙa fita ta nan har wurin ya haɗe. Tabo zai fi girma, kwanciya za ta fi tsawo, kuma a shekarunta ba zai ce babu haɗari ba.

"Babu abin sha da zai narkar da ita?" in ji Shekara.

"Wadda ta riga ta toshe hanya, a'a. Me kika sha a gida har mako uku?"

Sadiyya ta buɗe baki, uwar ta riga ta. "Rawaya ce kawai. Wata mata ce a garinmu take bayarwa."

Lokotoro ya girgiza kai. "Matan nan suna ba mu aiki, Iya. Sai sun riƙe mutum ya kusa ƙarewa sannan a kawo mana shi."

"Haka ne," in ji Shekara, idonta a kan zanen gado. Ta tura hannuwanta ƙarƙashin mayafi don kar ya ga tafin. Sadiyya ta tashi ta fita, wai za ta wanke kwano, alhali kwanon a wanke yake.

Da suka rage su biyu, Shekara ta tsayar da shi yana shirin miƙewa. Ta ce akwai wata mata, shekaru bakwai da suka wuce. Ta lissafa masa alamomin tun daga haƙarƙari har rawar sanyi, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ce, "A lokacin nan, an fara irin wannan aikin?"

"Iya, aikin nan ya girme ni. Ita matar ban gan ta ba, ba zan rantse ba, don ba kowace shawara ce tsakuwa ba. Amma yadda kika faɗa, ya yi kama sosai. Shekarunta nawa?"

"Ba ta kai talatin da biyar ba."

"To da ta fi ki ƙarfin ɗaukar aikin." Ya dube ta. "'Yar'uwarki ce?"

"Maƙwabciya," ta ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka tuɓe ta, aka sa mata wata riga mai tsage a baya, aka tura ta a gadon ƙarfe, matar da ko kishiyar uwarta ba ta taɓa ganin gwiwarta ba. Da ta farka akwai tiyo a gefen cikinta yana ɗigar da koren ruwa cikin leda, a kan tebur kuma ga 'yar kwalba mai jan murfi. Sadiyya ta miƙa mata. Abin da ke ciki bai kai ƙwallon dabino ba, baƙi-baƙi da ratsin ƙasa-ƙasa, in ka gan shi a hanya ba za ka sunkuya ba. Ta girgiza, ya yi ƙara. Cikin kwanaki ido ya fara washewa, ƙaiƙayi ya tafi kamar ba a yi ba, aka zare tiyon, aka sallame su.

Duk tsawon hanyar komawa tana shirin abin da za a yi mata a Matameye. Ta shirya wa dariya, ta shirya wa habaici a bakin rijiya, har ta shirya wa a sa ta a waƙa. Abin da ta tarar ba ta shirya masa ba. Mata suka cika tsakar gida da sannu, ana kallonta kamar wadda ta dawo daga Makka a ƙafa. Ashe labari ya riga ta isowa, kuma ya yi ƙiba a hanya: an yi wa Inna Shekara allura arba'in tana tsakiyar shawara, har an yanka ta, ba ta mutu ba. To ina dalili in ba maganin gado da ke jininta ba? Wata ta ce ai da wani ne da tun allurar farko an shafa fatiha. Wata ta ce daga yau ko ciwon kai ne rawayar Inna za ta sha. Ba wanda ya tambaye ta komai, sun kawo tambayar da amsarta a kwano ɗaya. Abin da ya rage mata kawai ta yi shiru, sunanta ya ninka na da.

Ta kuwa yi shirun. Ta ce, "Ikon Allah ne," wanda ba ƙarya ba ne, ta tura kwalbar ƙasan kwalla ta rufe da tsummoki. Kwana biyar tana karɓar sannu da kaji. Sadiyya tana kai da kawo, sai dai ta daina haɗa ido da ita.

A rana ta shida bayan la'asar Buraima ya yi sallama. Tun dawowarta yana gaisuwa daga zaure saboda cikar mata, yau ne ya samu shigowa. Ya rusuna bakin ƙofa ya ajiye ƙunshi. Riga ce ya ɗinka mata, mai faɗi, ba ɗinki ko ɗaya ta gefen dama don kar ya gogi ciwon, ya tambayi Sadiyya gefen tun da farko. Shekara ta shafa rigar.

"Inna, ni ban yi mamaki ba," ya ce. "Na gaya wa mutane, jinin gidanku daban ne. Af, shekaranjiya an kawo wata mata a amalanke daga Icirnawa, ido ya rine rawaya, tana ta susa. Suna gidan Malam Munkaila mai goro. Mijin har ya fara zancen likita, na ce kul. Na karanta musu dokokin nan uku, ban rage ko ɗaya ba, na ce su jira ki ji ƙarfi."

Ya faɗa yana murmushi, kamar ɗalibin da ya kawo hadda. Shekara ta ji ɗinkin cikinta ya ja. Ta ɗaga murya iyakar yadda ciwon ya bar ta.

"Auta! Maza gidan Malam Munkaila. Ki ce in ji ni, su kai ta likita yanzu, kar su jira gobe. In an ce allura, a yi. In an ce Damagaram, su tafi. Ki ce in ji ni, Shekara."

Sadiyya ta dubi uwar karo na farko cikin kwana biyar, ta figi mayafi ta fita. Buraima ya saki baki.

"Inna, ai ita ba jinin gidanku ba ce."

"Jawo mini kwallar can."

Ya jawo. Ta tono kwalbar, ta buɗe jan murfin, ta ce ya miƙo hannu. Ta juye masa tsakuwar a tafi. Ta gaya masa zancen jaka da hanya da ruwan ɗaci yadda aka gaya mata. Ta ce mako uku ta sha rawaya ba ta motsa wannan abin ba, ta ce jininta jini ne irin na kowa, ta ce allura ba ta kashe ta ba domin ba ta kashewa. Har nan muryarta a tsaye take. Sai ta ce, "Ka tuna yadda Fadimata ta fara?" Daga nan ta kasa duban sama da gwiwarsa.

Buraima ya daɗe yana juya tsakuwar da babban yatsa. Shi mai awo ne, ya saba gane girman abu da ido.

"Wannan ce kawai?"

"Ita ce."

"Kuma cire ta ake yi."

"Cire ta ake yi. Lokotoro ya ce bai ga Fadimata ba, ba zai rantse ba. Ni na gan ta, Buraima. Na ga nawa, na ga nata."

Ta jira ya zage ta. Wallahi da ya yi da ta ji sanyi. Ta jira ya ce kwana ne ya ƙare, ta riga ta yi niyyar ba za ta karɓa ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi wajen zaure, kamar akwai abin da ke tsaye a ƙofar.

"Ran nan motar tana nan a kunne," ya ce a hankali. "Cha'ibu har ya shimfiɗa mata bargo a baya. Ni na ce ya kashe."

"Bakina ne."

"Bakinki ne, Inna. Amma matata ce." Ya rufe hannu a kan tsakuwar. "Ki ara mini wannan. Zan je Dawce."

Ya miƙe ya fita, ya manta takalminsa ɗaya a bakin ƙofa, sai da Sadiyya ta dawo ta miƙa masa ta kan katanga.

Bai dawo da tsakuwar ba, ita ma ba ta tambaya ba. An ce tana wurin Cha'ibu. Matar Icirnawa an kai ta, ta dawo da ƙafarta bayan wata guda. Labarin jinin gado kuwa ya mutu cikin mako ɗaya, domin Shekara da kanta ta riƙa kashe shi a gaban duk wadda ta zo sannu, har masu kawo kaji suka ragu. Da ta warke ta koma gindin bedi, don ba ta iya wata sana'a ba. Har yanzu tana ja wa mutane fatar ido, amma yanzu takan tambayi kalar bayan gida, ta tambayi ƙaiƙayi da rawar sanyi, sannan ta ce a fara zuwa likita a duba, rawaya ba za ta gudu ba. Wasu suna zuwa, wasu suna tsallakawa faifan gaba inda ake faɗa musu abin da suke son ji.

Amma a makon da ya karɓi tsakuwar, kwana uku keken Buraima bai yi ƙara ba. Shekara ta zauna a ɗaki tana sauraron katanga, ba ta san hantsi ba, ba ta san azahar ba sai an kira. Ta riga ta saddaƙar cewa gaisuwar safe ta ƙare, ta ga kuma daidai ne ta ƙare. A safiya ta huɗu ta ji takun takalmi a zaure, ta ji ya tsaya, ta ji ƙarar gwiwa ta mai rusunawa.

"Inna, ina kwana."

Rigarsa ce a jikinta, mai faɗin nan marar ɗinki a gefen dama. Ta buɗe baki ta ce lafiya lau, kamar yadda ta faɗa kowace safiya shekaru bakwai, maganar ta ƙi fita. Shi kuwa yana nan durƙushe bayan asabari, yana jiran ta amsa.